Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Zariya A Kan Yadda Ake Koyar Da Aƙida

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, limaman Juma'a da na masallatan unguwa, masu tafsiri da masu darasin zaure, na cikin birni da na Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru, Shika da sauran kewaye. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fara neman afuwarku, domin ba tarbiyyarmu ba ce almajiri ya yi wa malaminsa magana a bainar jama'a. Ni malamin sakandare ne, haifaffen birnin nan, kuma a zauren ɗaya daga cikin magabatanku na durƙusa na karanta Ahalari da Ishmawi da Risala. Da yawun wasu iyaye maza da mata na unguwarmu nake wannan rubutu. Mun bi ta ƙofar da ta dace, mun yi magana a asirce, ba mu ga an motsa ba, shi ya sa muka fito fili.

Watan jiya wani dattijo ya rasu a unguwarmu. Maɗinkin manyan riguna ne, ya fi shekara 40 a bakin zaurensa da allura da zare, har idonsa ya raunana a kan aikin aska takwas. Kowa ya san shi a sahun farko, kowa kuma ya san yana zaman wazifa. An yi masa wanka, an suturta shi, an fito da makara ƙofar gida ana daidaita sahu, sai wasu samari suka ja gefe suka jingina da katanga. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga murya yadda 'ya'yan mamacin za su ji, ya ce shi ba ya sallatar wanda bai tabbatar da aƙidarsa ba. Babban ɗan marigayin ya fita daga sahu ya yi kansa, da ƙyar dattawa suka shiga tsakani. Haka aka yi kabbara huɗu ana huci, mata a cikin gida suna jin komai. Biyu daga cikin samarin nan, marigayin ne ya ɗinka wa iyayensu rigar angwanci. Ba a kai ga sadakar uku ba sai ga wani ɗan bidiyo yana yawo a wayoyi daga ɗaya ɓangaren, wani yaro yana rantsuwa cewa waɗanda suka tsaya gefe maƙiya Annabi ne, kada wanda ya ba su aure, kada wanda ya ci yankansu.

Mun kai maganar gaban malaman yankinmu na ɓangarorin biyu. An zauna, an yi addu'a, aka tsaya a kan a bar kaza cikin gashinta don kada a tayar da fitina. Ba a kira yaro ko ɗaya an yi masa faɗa ba, ba a je an ba iyalan mamacin haƙuri ba, ga shi an yi Juma'a huɗu babu limamin da ya taɓo maganar a huɗuba. Wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tsaya mini a rai. Daren ranar jana'izar, ɗana na fari, wanda ke aji uku a jami'a, ya same ni a tsakar gida bayan isha'i. Ya daɗe bai ce komai ba, yana ta zana ƙasa da tsinke. Can ya ce: "Baba, ni na gama tunani. Ilimin aƙidar nan shi kansa shi ne cutar. Duk wanda ya shige shi sai ya fito yana ganin kowa ɗan wuta ne in ban da shi da malaminsa. Da mutane za su yi sallarsu su bar tone-tonen nan, da an zauna lafiya." Yaron nan ya sauke Alƙur'ani yana da shekara 14, ba ya wasa da salla, kuma bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Ya kawo mini yaƙin da Kiristocin Turai suka shekara 30 suna gwabzawa a tsakaninsu, daga 1618 zuwa 1648, ya kawo Maitatsine, ya kawo Boko Haram. Ya ce a cikin abokansa akwai waɗanda suka wuce inda yake, sun daina zuwa masallaci ba tare da iyayensu sun sani ba, suna cewa addinin ne gaba ɗaya matsalar.

Na ba shi amsa gwargwadon abin da Allah ya sanar da ni. Na ce masa 'yan bindigar da suka addabi Giwa da Birnin Gwari ba sa tambayar wanda suka kama ko ƙabalu yake yi ko sadalu, kuɗin fansa suke tambaya. A Ruwanda a 1994, sau da yawa mai kisa da wanda ake kashewa coci ɗaya suke zuwa. A Kambodiya, gwamnatin da ta haramta addini baki ɗaya tsakanin 1975 da 1979 ta hallaka mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi. Wanda ransa ya so zubar da jini ba ya rasa abin fakewa. Na tuna masa cewa Maitatsine, wanda fitinarsa ta ci rayuka sama da 4,000 a Kano a Disambar 1980, watsi ya yi da hadisi da littattafan malamai, ke nan ba yawan karatu ne ya ɓatar da mabiyansa ba. Na kuma tuna masa daren 1 ga Fabrairun 2014, da aka tare Sheikh Muhammad Auwal Albani a garin nan yana dawowa daga karatu, aka harbe shi tare da matarsa da ɗansa, daga baya shugaban Boko Haram ya fito ya ɗauki alhaki. Malamin da ke warware musu shubuha da hujja suka nema suka kashe. Da ilimin aƙida abokin tafiyarsu ne, da ba su ji tsoron mai shi ba.

Amma ban ce masa maganarsa banza ce ba, domin akwai gaskiya a cikinta, ku ma kun sani. Akwai aƙidar da ita kanta guba ce, ko a hannun wa ta faɗa. Hawarijawa mutane ne masu yawan salla da azumi da tilawa, amma da suka ƙudurta cewa mai babban zunubi kafiri ne kuma jininsa ya halatta, sai da takobinsu ya kai ga Sayyidina Ali a masallacin Kufa da asuba. Sai dai ku tuna yadda aka tunkare su tun farko. Abdullahi ɗan Abbas ya taka har sansaninsu, ya zauna, ya saurari hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, ya amsa musu da aya da sunna, dubbai daga cikinsu suka dawo. Imamu Gazali, wanda ya yi zurfi ƙwarai a ilimin kalam, wato kare aƙida da hujjojin hankali, ya kwatanta hujjojin Alƙur'ani da abinci, kowa ya ci ya amfana, ya kwatanta hujjojin masu kalam da magani, yana yi wa ɗaiɗaiku amfani yana cutar da mafi yawa. Ba wanda zai ce a rufe kemis don wani ya sha magani ya wuce ƙima. Amma kowa zai tuhumi likitan da ya bar kwalabe a buɗe a gaban yara ya juya baya. Allah ya gafarta malamai, ku ne likitocin, ƙorafinmu kuma a kan buɗaɗɗun kwalaben nan ne.

Abu na farko, an birkita tsarin karatu, ana fara shi daga wutsiya. A zauren da na yi karatu, malam yana kan buzu, littattafai jibge a gefensa, kowane ɗalibi ya matso da nasa ya biya, malam na fassarawa kalma-kalma, ɗalibi na amsawa da "na'am". Ba a ɗora maka littafi na gaba sai ka sauke na hannunka. Tauhidin da aka fara ɗora mu a kai shi ne sanin Allah: samamme ne, ba shi da farko, ba shi da ƙarshe, bai yi kama da halittunsa ba, ba ya bukatar kowa, shi kaɗai ne. Duk zamana a zauren nan ban ji an kama sunan wani malami an zage shi ba. Idan ɗalibi ya jawo tambayar da ta fi ƙarfinsa, malam kan ce, "Za ka iso wurin." In kuwa ta fi ƙarfin malam ɗin ne, sai ya ce "Allahu a'alamu" ba tare da ya ji kunyar kowa ba. Yau da raddi yaro ke farawa. Ya san sunan ƙungiya goma da laifin kowacce tun bai iya lissafa farillan alwala ba. Na gwada a ajina. Na ce a ba ni ma'anar sunayen Allah biyar kacal daga cikin 99, aji ya yi tsit. Na ce wane ne ɗan bidi'a, hannuwa suka tashi ko'ina, kowa da waɗanda zai nuna. Ba banza Bahaushe ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne littafin da kusan kowannenku ya karanta, wato Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda aka rubuta don koyar da yara fiye da shekara 1,000 da suka wuce. A babinta na aƙida ta faɗa ƙarara cewa ba a kafirta wani daga ma'abota alƙibla saboda zunubi, ta kuma rufe babin da barin jayayya da gardama a cikin addini. Waɗannan layuka biyu su ma ai aƙida ne. Me ya hana su isa kunnen 'ya'yanmu?

Na biyu, kafirta Musulmi ya zama ruwan dare a garin nan, har yaro kan yanke wa sa'an kakansa hukuncin wuta yana zaune a teburin mai shayi. Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kuma cikin waɗanda suka fi yaƙar ta akwai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda Malam Musa ya karɓo tutar Zazzau daga hannunsa. A zamaninsa an sami wasu ɗalibai da suka ɗan leƙa ilimin kalam, suka riƙa yi wa talakawa tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo hujja irin ta masu kalam su ce kafiri ne, ba a cin yankansa, ba a aure da shi. Shehu bai ce a bar kaza cikin gashinta ba. Tsaye ya tashi, ya yi ta rubutu yana rusa wannan ra'ayi, yana tabbatar da cewa wanda ya furta shahada ya bayyana Musulunci hukuncin Musulmi ake yi masa, abin da ke zuciyarsa a bar wa Allah. Ɗansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya faɗa a Infaƙul Maisuri cewa abin da Shehu ya wallafa a kan wannan mas'ala ya haura littafi 50. Ku duba kalmomin ɗaliban wancan zamani, ku duba na yaron da ya yi bidiyo a unguwarmu. Yanka da aure, su ne dai har yau bayan shekara 200. Kowane ɓangare a cikinku yana jingina kansa da Shehu, ɗan ɗariƙa ya ce Baƙadire ne, ɗan Izala ya ce mai raya sunna da kashe bidi'a ne. To, ga abin da ya yi da ya ga ana kafirta talakawa.

Mu da ke ƙasa mu muke ganin ɓarnar. Na san auren da aka fasa bayan an kai lefe, don an gano uban yarinya yana zuwa mauludi. Na san wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, da ba sa bin juna salla, tsohuwarsu tana hawaye duk ranar idi idan ta ga kowa ya kama hanyarsa. Kuma abin ba ya tsayawa a fatar baki, Zariya shaida ce. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso nan aka ƙona coci-coci. Ranar Lahadi 17 ga Yunin 2012 bama-bamai suka tashi a coci a Wusasa da Sabon Gari mutane suna cikin ibada. A Disambar 2015 aka yi abin da aka yi tsakanin sojoji da 'yan Shi'a, kwamitin binciken da gwamnatin jihar Kaduna ta kafa ya ce mutane fiye da 340 ne suka mutu. Ni ba ɗan Shi'a ba ne, ina da saɓani mai yawa da su. Amma da kunnena na ji yara suna murna a kwanakin nan, suna cewa an rage mugun iri. Ba daga sama suka tsinci wannan ba. Sai an daɗe ana nanata wa yaro cewa wane ba mutum ba ne kafin ya iya dariya a kan gawarsa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya ce, ashe ba rai ba ne? Ya tsananta wa Usamatu ɗan Zaidu da ya kashe mutumin da ya furta shahada a fagen fama, yana tambayarsa ko ya tsaga zuciyarsa ne ya gani. Kun fi ni sanin waɗannan hadisai nesa ba kusa ba. Tambayata ita ce yaushe rabon da a karanta su a mumbari da irin zafin da ake karanta raddi.

Na uku, waya. Malam ya yi darasin awa biyu, ya kawo saɓanin malamai, ya yi taka-tsantsan, sai wani ɗalibinsa ya yanko wurin da ya fi zafi, bai kai minti ɗaya ba, ya ɗora masa take mai tayar da hankali ya saki a TikTok ko Facebook. Kafin la'asar an yi martani, kafin isha'i an yi martanin martani. Da sunayenku da hotunanku ake buɗe shafukan nan, yaran da ke riƙe da su kuma a gabanku suke zama. Kuma, ku gafarce ni, wasu daga cikinku sun lura cewa ranar da suka kama suna suka caccaka, ranar kabbara ta fi ƙarfi a masallaci, ranar masu kallo suka fi yawa. Wannan jarrabawa ce babba, muna roƙon Allah ya tsare ku daga ita.

Na huɗu shi ne wanda ya taɓa gidana. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da sauran manyan makarantun da ke kewaye da mu, dubban matasa ne ke kwana a garin nan da tambayoyi a ransu. Me ya sa Allah ya bar jariri yana shan wahala? Idan an riga an rubuta komai, ina laifin mai laifi? Mece ce makomar wanda aka haifa inda ba a taɓa jin kiran salla ba? Don irin waɗannan tambayoyi aka gina ilimin tauhidi, malaman farko sun tattauna su babi-babi. Amma yau yaron da ya kuskura ya yi irinsu a majalisi, kallon da za a yi masa kaɗai ya isa ya hana shi dawowa, in ma ba a ce boko ya ɓata shi ko ya yi ridda ba. Sai ya koma wa wayarsa, can kuwa akwai masu jiransa da amsa a hannu, wasu su ja shi zuwa barin addini, wasu su ja shi daji. Sahabbai sun zo wa Annabi suna cewa suna jin wani abu a ransu da suke jin nauyin furtawa, bai kore su ba, cewa ya yi wannan shi ne tsantsar imani.

Ga kuma babin ƙaddara, wanda ke shiga kowane gida amma ba a cika tsayawa a kansa ba. Na ga maƙwabcin da ya riƙe matarsa a ɗaki tana naƙuda kwana biyu, yana cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa, alhali asibiti bai fi tafiyar minti goma a keke napep ba. An kai ta a makare, ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da jama'arsa, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Huɗuba ɗaya a kan wannan za ta ceci ran da muƙabala goma ba za su ceta ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo a wurinku.

Ku zauna, ku malaman Zariya na kowane ɓangare, ku rubuta matsaya guda ku sa mata hannu, a karanta ta a kowane masallacin Juma'a rana ɗaya: ba a kama sunan Musulmi a kafirta shi a mumbari ko a waya, ba a ƙaurace wa jana'izar mai salla, ba a fasa aure a kan mauludi ko ƙabalu da sadalu. Ba cewa muke ku bar abin da kuka yi imani da shi ba, ko ku daina bayyana abin da kuke ganin kuskure ne. Ku ci gaba da saɓaninku a kan littafi, cikin ladabi, a gaban waɗanda karatunsu ya kai su fahimta. An yi irin wannan a birnin Amman na ƙasar Jodan a 2005, inda malamai 200 daga ƙasashe 50 suka haramta kafirta mabiya mazhabobin Musulunci, har suka ambaci masu aƙidar Ash'ariyya da sufaye da Salafawa a ciki. A nan Kaduna ma, a Agustan 2002, shugabannin Musulmi da na Kirista 22 sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya bisa ƙoƙarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a rikicin 1992 ɗaya ya rasa malaminsa, ɗaya ya rasa hannu. Idan waɗannan sun iya zama a tabarma ɗaya, masu alƙibla ɗaya ba su da uzuri. Muna fatan fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau za ta ba da inuwar da za a yi wannan zama.

Ku waiwayi manhajar Islamiyyu da darussan zaure ku ga abin da ake fara ɗora yaro a kai. Ko ta sifofi ashirin na littafin Sanusi kuka bi, ko ta rabe-raben tauhidi uku, ku fara da sanin Allah da rahamarsa, ku koyar da ladabin saɓani kafin saɓanin kansa, raddi kuma a bar wa wanda ya yi nisa. Kowane malami ya ɗauki alhakin shafin da ke ɗauke da sunansa. Abin da ba zai iya maimaitawa a gaban wanda ake zagi ba, ya sa a sauke shi.

Ku buɗe majalisi, ko da sau ɗaya a wata, a Samaru da Kongo da cikin birni, inda matashi zai kawo kowace irin tambaya, ko a rubuce babu suna, a amsa masa ba tare da an laƙaba masa komai ba. Ku zaɓo masu haƙurin cikinku su zauna wa wannan aiki. 'Yan mata ma a yi musu nasu da malamai mata, kamar yadda Nana Asma'u ta isar da karatu har ɗakunan mata ta hanyar 'yan taru.

Ku taka zuwa Wusasa. 'Yan'uwanmu Hausawa Kiristoci suna zaune can tun wajen 1929, suna da kwalejin da ke horar da limaman coci, su ma suna da matasa masu zafin kai da masu shakka. Ba muƙabala nake nufi ba, gaisuwa da sanin juna nake nufi, yadda ranar da wata fitina ta taso daga wani gari liman zai san wanda zai kira a waya kafin ta iso.

Ku yi wannan gyara da kanku tun kafin a yi muku. Jihar Kaduna tana da dokar wa'azi tun 1984, an kawo sabon ƙudurinta majalisa a 2016, aka zartar a 2019 bayan doguwar taƙaddama. Ni ba na fatan ganin ranar da hukuma za ta zama alƙalin aƙida. A shekarar 833 Miladiyya Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai cewa Alƙur'ani halitta ne, aka ɗaure Imamu Ahmad ɗan Hambali, aka yi masa bulala a zamanin magajinsa. Duk ranar da aƙida ta hau dokin mulki wani malami ne ke shan bulalar, kuma ba wanda ya san kan wa za ta sauka gobe. Amma idan shirun nan ya ɗore, wata rana jana'iza irin ta unguwarmu za ta ƙare da gawa biyu, sannan hukuma ta shigo, jama'a kuma su goya mata baya.

Kafin duk wannan, akwai abu biyu da ba sa jiran taro. Iyalan maɗinkin nan suna nan, matarsa tana cikin takaba. A samu malamai biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, su tasa samarin nan gaba, da waɗanda suka tsaya gefe da wanda ya yi bidiyo, su je su ba da haƙuri a zauren da ya yi shekara 40 yana ɗinki. Sai kuma ɗana. Na tambaye shi ko zai yarda ya zauna da malami ya amayar da duk abin da ke ransa, ya ce zai yarda, in dai za a bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Kowace Asabar yana gida, malaman yankinmu kuma sun san ƙofar gidana. Ina jiran wanda zai aiko a ce in kawo shi.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya amfanar da mu da iliminku.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibinku,
wani uba daga cikin birnin Zariya, a madadin iyayen unguwarsu